Sarewar Kwabo: Matsayinta a Kiɗan Gargajiya na Ƙasar Ayilan



Na tabbata akwai waɗanda da suka karanta kan maganata a allon sanarwa sai da suka yi murmushi, suka ce a ransu, ashe har jami'a za ta tara mutane domin a yi zancen usur ɗin yara? To, ban ga laifinsu ba. Mutanen Ayilan kansu sun yi fiye da shekara ɗari suna irin wannan murmushi, kuma shi ne ainihin abin da na zo in yi magana a kansa. Tambayar da zan yi ƙoƙarin amsawa ita ce, me yake ba abin kiɗa daraja a idon al'umma, kuma yaya aka yi abin busar da aka fi rainawa a wannan tsibiri ya zama shi ne ƙofar da kusan kowane makaɗinsu yake shiga ta cikinta?

Ga ta nan a hannuna. Tsawonta kusan ƙafa ɗaya ne. Bututun ƙarfe ne siriri mai ƙofofi shida a gaba, babu ko ɗaya a baya, sai ɗan baki a sama wanda yake matse iska ya tura ta kan wani kaifi har ta tsage ta ba da sauti. Iyakarta ke nan. Da harshen Ayilan sunanta feadóg stáin, watau sarewar gwangwani. Turawan Ingila kuwa sun yi mata laƙabi da sarewar kwabo, wasu suka ce sabo da kuɗinta ke nan a da, wasu suka ce sabo da kwabon da ake jefa wa yaran da suke busa ta a bakin titi. Wannan laƙabi shi zan riƙa amfani da shi, domin ya ɗauko rainin gaba ɗayansa a cikin kalma biyu.

Busa irin wannan daɗaɗɗiya ce a Ayilan. Masu tonon kayan tarihi sun sami sarewar ƙashi a tsohon birnin Dablin wadda aka ƙiyasta ta kai ƙarni na 12. Amma ita wannan ta gwangwani ba 'yar ƙasa ba ce, baƙuwa ce daga Ingila. Wani ɗan ƙodagon gona mai suna Robert Clarke, daga ƙauyen Coney Weston a yankin Suffolk, shi ya fara naɗe fallen gwangwani yana toshe kansa da guntun katako wajen shekarar 1843. Daga baya ya koma kusa da Mancesta ya kafa masana'anta, har yau kuma ana yin sarewa da sunansa. Labarin da kamfanin yake bayarwa shi ne cewa leburorin Ayilan masu aikin haƙa magudanan jirgin ruwa da shimfiɗa hanyar dogo a Ingila su suka riƙa saye suna kai ta gida. Ina so ku riƙe wannan shekara ta 1843, domin shekara biyu bayanta aka shiga babbar yunwar dankali, daga 1845 zuwa 1852, wadda ta kashe kimanin mutum miliyan ɗaya, ta kori kimanin wani miliyan ɗaya zuwa ƙasashen waje, a ƙasar da jama'arta suka ɗan haura miliyan takwas a ƙidayar 1841. Watau sarewar kwabo ta iso ne a daidai lokacin da talakan Ayilan ba shi da abin sayen komi sai abin kwabo.

Kafin a gane inda aka ajiye ta, lalle ne a dubi waɗanda suke samanta. A can ƙololuwa akwai babban molon tsaye mai tsirkiyoyin ƙarfe wajen talatin, wanda suke kira cláirseach, ni kuwa zan kira shi molon fada, domin a fada ya tashi. Kowane basarake na da yana da mai molonsa da mawaƙinsa, ana ba su ƙasa da dabbobi, suna da alfarma a shari'ar gargajiya. Amma bayan da sojojin Ingila suka ci sarakunan gargajiya da yaƙi a Kinsale a 1601, manyansu kuma suka tsere zuwa Turai a 1607, sai masu molo suka rasa iyayen gida. Suka zama 'yan yawo gida gida wurin attajirai. Mafi shahararsu, makaho Turlough O'Carolan, wanda ya rayu daga 1670 zuwa 1738, a haka ya ƙare rayuwarsa. Da aka yi gangamin masu molo a Belfas a 1792, mutum goma kaɗai aka samu daga Ayilan da ɗaya daga Wales, yawancinsu tsofaffi ne makafi. Aka ɗauki wani saurayi ɗan shekara 19, Edward Bunting, ya rubuta abin da suka kaɗa. A cikin ƙarni na 19 tsohuwar hanyar kaɗa shi ta yanke, ba ta bar magaji ba. Yau hoton wannan molo shi ne tambarin gwamnatin Ayilan, yana jikin kuɗinsu da fasfonsu, an kuma farfaɗo da kaɗa shi a ƙarni na 20. Amma a lura, abin kiɗan da ya fi kowane daraja shi ne ya fara mutuwa, domin darajarsa a hannun masu mulki take, da suka faɗi sai ya faɗi tare da su.

A ƙarƙashin molon fada akwai algaitar zuga-zugi, wadda suke kira uilleann, daga kalmarsu ta gwiwar hannu. Ba da baki ake busa ta ba. Makaɗi yana zaune ya ɗaura 'yar zuga-zugi a hannu ɗaya, yana tura iska cikin wata salka da ke ƙarƙashin ɗaya hannun, daga nan iskar ta rarrabu cikin bututu bakwai. Kaya ce mai tsada mai wuyar sha'ani, har akwai karin maganarsu da ke cewa sai an shekara 21 kafin a ƙware: bakwai na koyo, bakwai na bita, bakwai na busa. Bayanta sai gogen Turawa, sannan babbar sarewar katako wadda ake busawa a gicciye. Can ƙasan tsani, inda ba a ma lissafa ta, nan sarewar kwabo take. Alal misali, Francis O'Neill, mutumin yankin Cork wanda ya zama shugaban 'yan sandan birnin Shikago daga 1901 zuwa 1905, ya tattara kiɗa 1,850 ya buga su a littafi ɗaya a 1903, babu kuma wanda ya yi wa wannan kiɗa hidima kamarsa. A 1913 ya fitar da wani littafi na tarihin makaɗan ƙasarsu. Masu molo sun sami babobinsu, haka masu algaita da masu goge da masu babbar sarewa. Mai sarewar kwabo bai sami babi nasa ba.

Dalilan rainin a fili suke. Tana da araha, ana sayar da ita a kanti tare da alewa da kayan wasan yara. Ba ta da maƙeri sananne, inji ne yake fitar da ita dubu dubu. Bugu da ƙari, duk wanda ya sa ta a baki ya hura zai sami sauti nan take, alhali mai koyon goge zai yi watanni yana azabtar da mutanen gida kafin ya sami murya ɗaya mai daɗi. Ɗan Adam kuwa abin da ya samu a sauƙaƙe ba ya ganin ƙimarsa. Wasu kuma sun ƙara da cewa ai kayan Ingila ce. Wannan hujja ta ƙarshe ba ta da ƙafa, domin in za a bi ta to sai a kori kusan duk kayan kiɗan Ayilan. Gogen daga Italiya siffarsa ta fito. Babbar sarewar katako kwance ce ta makaɗan manyan zauruka na Turai, waɗanda suka yar da ita bayan da Bajamushe Theobald Boehm ya ƙera sabuwar sarewa a 1847, ta yi araha, talakawan Ayilan suka tsince ta. Akodiyon daga ƙasashen Jamusawa ya zo. Banjo daga Amurka ya zo, asalinsa kuwa yana komawa ga molayen Afirka ta Yamma waɗanda bayi suka tafi da fasaharsu. Ko bazuki, wanda yanzu ba a raba shi da wannan kiɗa, molon Girkawa ne da aka shigo da shi a shekarun 1960. Abin da yake na Ayilan tsantsa a nan shi ne yadda ake sarrafa kayan, ba kayan ba.

Wannan ya kawo mu ga gundarin maganar, watau yanayin kiɗan kansa. Ina roƙonku ku yi haƙuri da ni a nan, domin sai mun ɗan shiga cikin sana'ar.

Kiɗan gargajiya na Ayilan kiɗa ne na zare ɗaya. Abin da nake nufi shi ne, kari guda ne yake tafiya, sauti bayan sauti, ba a gina shi a kan haɗa muryoyi daban daban a lokaci ɗaya kamar yadda ake yi a kiɗan manyan zauruka ba. In makaɗa goma suka zauna, duk kari ɗaya suke bi tare. Yawancinsa kuma kiɗan rawa ne da aka tsara a ƙarni na 18 da na 19. Akwai ril, mai bugu huɗu huɗu, wanda ya shigo daga Sikotilan ya zama shi ne sarki. Akwai jig, wanda yake tafiya uku uku kamar sukuwa. Akwai wasu kuma, har da kari mai jan rai wanda ba na rawa ba, da ake ɗaukowa daga tsofaffin waƙoƙin harshensu. Kowane karin rawa gajere ne ƙwarai: kashi biyu, kowane kashi gaɓa takwas, a maimaita kowanne sau biyu, a ƙare cikin abin da bai kai minti ɗaya ba, sannan a koma farko. To, in kari gajere ne haka, kowa kuma ya san shi, ina gwanintar take? Tana cikin adon da makaɗi yake yi masa, da yadda yake sauya shi kaɗan kaɗan a kowane zagaye, ta yadda bai bar hanya ba, bai kuma taka sawun da ya taka a baya ba.

Shi wannan ado, mafi yawansa daga algaita aka gaje shi. Mai algaitar salka iskarsa ba ta yankewa, ba shi kuma da harshen da zai datse sauti da shi kamar mai busa da baki. Idan yana son ya raba sauti biyu iri ɗaya da ke jere, dole yatsu su yi aikin. Sai ya ɗaga wani yatsa na sama ya mayar cikin ƙiftawar ido, wannan shi ne yanka. Ko ya bugi ƙofar da ke ƙasa ya ɗauke, wannan shi ne bugu. Idan ya haɗa su, ya riƙe sauti, ya yanka, ya buga, sai sauti ɗaya ya zama uku masu mirginawa, wannan shi ne mirgine, wanda shi ne gishirin kiɗan baki ɗaya. A kan sauti mafi ƙasa, inda babu sauran ƙofar da za a buga, sai a jera yanka biyu ko uku da yatsu daban daban. Duk waɗannan ana yin su a kan sarewar kwabo daidai yadda ake yi a kan algaita, domin yatsu tsirara ne a kan ƙofofi tsirara, babu wani maɓalli a tsakani. Daɗin daɗawa, yadda ake ɗora yatsu a kanta haka ake ɗora su a kan babbar sarewar katako, yana kuma kusa da na algaita. Sabo da haka yaron da aka ba sarewar kwabo ba wasa aka ba shi ba, nahawun kiɗan aka danƙa masa gaba ɗaya. Willie Clancy na garin Miltown Malbay, wanda ya rayu daga 1918 zuwa 1973, kuma ake lissafa shi cikin manyan masu algaita na ƙarninsa, da ita ya fara yana ɗan shekara biyar, bai kuma taɓa ajiye ta ba. Paddy Moloney mahaifiyarsa ce ta saya masa ita yana ɗan shekara shida, kafin ya je koyon algaita wurin Leo Rowsome.

Akwai kuma wani abu da mai sarewa yake fama da shi wanda bai dami mai goge ko mai algaita ba, shi ne numfashi. Karin rawa ba shi da wurin hutu, an tsara shi ne domin ƙafafun masu rawa, su kuwa ba su jira. Mai busa dole ya shaƙi iska, don haka dole ya zaɓi sautin da zai zubar ko ya gajarta ya saci numfashi a gurbinsa. Wanda bai iya ba zai shaƙa inda numfashi ya ƙare masa, sai karin ya karye. Gwani kuwa yana sa wannan ɗan giɓi a inda zai ƙara wa kiɗan tsalle, a zagaye na gaba kuma ya matsar da shi wani wuri. A ganina a nan ne ake gane mai sarewa, fiye da saurin yatsunsa. Ga shi kuma ba ta da inda mutum zai ɓuya. Mai akodiyon yana iya rufe kuskure da ƙara, mai goge yana iya rufe shi da zaƙin murya. Sarewar kwabo siririyar murya ɗaya gare ta, in lokacinka ya goce da ƙwayar zarra kowa zai ji. Sauƙinta na ranar farko ne kawai.

To, yaya aka yi idon jama'a ya buɗe? Ba a rana ɗaya ba ne, sai da abin ya ƙara lalacewa tukuna. A da a ɗakunan girki na ƙauye ake rawa, maƙwabta su taru, makaɗi ɗaya ya ishe su. A 1935 gwamnati ta yi dokar da ta wajabta lasisi kafin a yi rawar jama'a, wannan ya taimaka wajen kashe rawar gida, ya mayar da ita manyan zauruka inda ake biyan kuɗin shiga. Zaure yana bukatar ƙungiya mai ƙara, da ganguna da fiyano da akodiyon, 'yar sarewa kuwa ba a ko jin ta a ciki. Ga ƙaura zuwa Ingila da Amurka tana kwashe samari, waɗanda suka rage kuma suna jin kunyar kiɗan, suna ganin alamar talauci da ƙauyanci ne. Ita algaitar da ake taƙama da ita, lokacin da aka kafa ƙungiyar masu busa ta a 1968, waɗanda suka rage a duniya ba su wuce kimanin ɗari ba.

Juyin ya faro ne a 1951, sa'ad da aka kafa ƙungiyar Comhaltas Ceoltóirí Éireann a garin Mullingar, ta fara shirya gasar shekara shekara da buɗe azuzuwan koyo a garuruwa. Ƙungiyar ta ware wa sarewar kwabo gasarta kamar yadda ta ware wa goge da algaita, wanda ya ci kuma zakaran ƙasa ne kamar kowane zakara. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Bayan haka sai Seán Ó Riada, masanin kiɗa wanda ya yi karatun jami'a, ya kuma koyar a jami'ar Cork, ya kafa ƙungiyar Ceoltóirí Chualann a farkon shekarun 1960. Ya sa wa makaɗan gargajiya kwat, ya hau da su dandamalin manyan gidajen wasa na Dablin, ya tsara kiɗan yadda kowane abin kiɗa zai sami lokacin da za a ji shi shi kaɗai. A nan ne mutanen birni masu ilimin zamani suka zauna tsit suka saurari sarewar kwabo. Daga cikin wannan ƙungiya Paddy Moloney ya fitar da The Chieftains a 1962, tare da Seán Potts, wanda jikan mai algaita ne amma sarewar kwabo ce sana'arsa. A farkon shekarun 1970 su biyun suka yi faifai sukutum na sarewa, a 1975 kuma busarsu ta shiga fim ɗin Barry Lyndon na Stanley Kubrick, duniya ta ji.

Amma mutum biyu ne, a nawa ra'ayi, suka yanke gardamar, kuma sun yanke ta ne ta fuskoki biyu masu karo da juna. Na farko shi ne Micho Russell, manomi daga Doolin a gaɓar tekun yankin Clare, wanda aka haifa a 1915. Ya haura shekara hamsin yana noma da su yana busa a ƙauyensu kafin a san shi a waje. A 1973 ya ci gasar ƙasa ta sarewar kwabo, daga nan aka riƙa gayyatarsa Turai da Amurka har ya rasu a haɗarin mota a 1994. Busarsa ba ta da yawan ado, ba ta da sauri. Yakan datse sauti ba zato, ya bar ɗan shiru, ya ci gaba, kamar tsoho yana ba da labari yana tsayawa ya dubi fuskokin yara. Masu gaggawa sukan ce ai wannan mai sauƙi ne, sai sun gwada kwaikwayonsa su gane. Kusan kowane kari kuma yana da labarin wanda ya koya masa da inda aka yi rawarsa. Ya nuna cewa wannan ƙaramar aba tana iya ɗaukar muryar mutum guda, wadda in ka ji ta sau ɗaya ba ka sāke ruɗa ta da ta wani.

Ta biyu ita ce Mary Bergin, wadda aka haifa a Shankill kusa da Dablin a 1949. A 1979 ta fitar da faifanta mai suna Feadóga Stáin, da rakiyar bazuki da bandirinsu kawai, da irin sarewar kanti mai araha. Duk abin da Micho Russell ya bari ita ta ɗauka: sauri, da tsabtar yatsu, da mirgine bisa mirgine ba tare da ko ɗaya ya dushe ba, da satar numfashi wadda sai ka kasa kunne sosai za ka gane inda ta yi ta. Bayan wannan faifai ba wanda ya san kiɗan da zai sāke cewa sarewar kwabo matakala ce kawai zuwa wani abu. Ga mace ta tsaya a kanta, ta kai inda masu goge da masu algaita suka kai. Bayan shekara biyar, a 1984, Joanie Madden, haifaffiyar birnin Niyok, ta zo ta ci gasar manya ta Ayilan, abin da ya nuna har 'ya'yan 'yan ƙaura sun karɓe ta da gaske.

Kada in cika ku da yabo, dole in faɗi gazawarta, domin masu sukarta ba duka ne suka yi ƙarya ba. Hawa biyu kawai take da shi na murya, na saman kuma yana da tsini, in ya haɗu da hannun da bai iya ba yana huda kunne. Ba a iya rage mata murya ko a ƙara yadda ake so, domin in ka ƙara iska sai ta haye sama, in ka rage sai ta faɗo. Kowace sarewa kuma ma'auni biyu take bi cikin sauƙi. Wadda aka fi amfani da ita ita ce mai harafin D, in ana son wani ma'auni sai a toshe rabin ƙofa ko a ɗauko wata sarewar, shi ya sa za ka ga gwani da damin su a jaka. Wanda yake son ya kaɗa kiɗan manyan zauruka na Turai ba zai je da ita ko'ina ba. Sai dai kiɗan Ayilan bai nemi waɗannan abubuwa ba. Yawancin karinsa a cikin waɗannan ma'aunai biyu da danginsu yake, bai kuma dogara da ɗaga murya da sauke ta ba. Gazawarta ta faɗo daidai inda ba a bukata.

Domin a ga cewa ba dole ne labarin ya ƙare haka ba, mu leƙa Afirka ta Kudu. A shekarun 1950 yaran unguwannin baƙar fata na Johannasbag sun ɗauki wannan sarewa, sabo da dalili iri ɗaya, watau araha, suka ƙirƙiro kiɗan kwela a bakin titi. Spokes Mashiyane ya yi suna da ita, wani faifan kwela mai suna Tom Hark kuma ya kai matsayi na biyu a kasuwar faifai ta Ingila a 1958. Amma da kuɗi suka shigo sai manyan masu busar suka koma kan saksafon, shi Mashiyane ma ya koma, cikin 'yan shekaru kwela ya ba wasu kiɗe-kiɗe wuri. A can sarewar ta zama tsani da gaske, aka hau aka ture. A Ayilan ba a ture ta ba, domin ta tarar da dubban karuruwa da tsayayyar hanyar ado suna jiranta, ga kuma manya waɗanda suka ƙi sauka daga kanta bayan sun sami halin sayen abin da ya fi ta tsada.

Yanzu fa an shiga wani hali, wanda ni ban tabbata duka alheri ne ba. Wajen 1971 wani maƙeri Baingile, Bernard Overton, ya ƙera wa Finbar Furey doguwar sarewa mai ninki biyu na tsawon wannan, mai kauri da zurfin murya. Ita ce aka riƙa ji a wasan rawa na Riverdance, wanda ya faro a Dablin a 1994, muryar sarewa kuma ita ta buɗe waƙar fim ɗin Titanic na 1997. Tun daga nan masu shirya fim da masu talla, duk sa'ad da suke son su sa mai kallo kewar gida, sai su kira mai sarewa, a cika busar da amsa-kuwwa, a ja ta a hankali. Mutane da yawa a duniya wannan kaɗai suka sani, suna tsammani shi ne kiɗan Ayilan, alhali ba yanka, ba mirgine, ba ƙafar mai rawa a cikinsa. Har ila yau an sami maƙera masu yin ta da hannu, da azurfa ko farin ƙarfe ko itace mai tsada, ana sayar da guda yuro ɗari biyu ko uku. Suna da kyau, muryarsu ta fi daidaita, ban musa ba. Amma nakan ji tsoro in na ga mai koyo yana tsammani abin da ya hana shi busa kamar Mary Bergin shi ne bai sayi mai tsada ba.

A ɗaya gefen kuma tsohon rainin bai mutu ba, kama ya sauya. A makarantun firamare da yawa na Ayilan ana koya wa yara ita aji guda a lokaci ɗaya, sau da yawa a hannun malamin da shi kansa bai wuce kari uku ko huɗu ba. Yaro talatin suna hura hawa na sama tare, abin ba ya sauraruwa, da yawansu kuma suna barin makaranta da tunanin cewa horo ne aka yi musu. A azuzuwan koyon kiɗa ma, yaro yakan yi shekara biyu ko uku a kanta, sai a tambayi iyayensa wane abin kiɗa zai ɗauka yanzu, kamar wanda yake hannunsa ba abin kiɗa ba ne. Hukumar UNESCO ta sa busar algaitar zuga-zugi cikin jerin gadon 'yan Adam a 2017, ta sa kaɗa molon fada a 2019. Sarewar kwabo ba ta cikin wannan jeri da sunanta, ko da yake da wuya ka sami mai algaita a Ayilan wanda ba ita ce ta fara horar da yatsunsa ba. Wannan da ke hannuna kuɗinta bai wuce yuro goma ba, kuma irinta ce ake saya wa yaran firamare.

Shugaba, na ga lokaci ya ƙure, a nan zan dasa aya. In an ba ni izini, kafin a shiga tambayoyi zan busa kari ɗaya sau biyu, na farko tsirara ba ado, na biyu da yanka da mirgine, domin jama'a su ji bambancin da kunnuwansu.